Siffar duniya: A shimfiɗe take ko a mulmule?

Duk wanda ya hau ɗaya daga cikin duwatsun da suka kewaye Garu, tsohon garin Dutse a jihar Jigawa, ya dubi gabas da arewa wajen Kiyawa da Jahun, abin da zai gani shi ne fili a shimfiɗe kamar tabarma.

Gonakin gero da dawa ne da itatuwan dabino, har iyakar inda ido ya gaza. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan aka ce wa mutum duniya mulmulalliya ce kamar ƙwallo, ya tsaya ya nemi hujja.

Tambayar takan taso a majalisun hira, da bayan an tashi daga tafsiri, a 'yan shekarun nan kuma ta hanyar hotunan bidiyo da ke yawo a wayoyin salula. A ƙarƙashinta akwai wata tambayar da ta fi ta nauyi, wato yaushe ne ya kamata a amince da abin da masana kimiyya suka faɗa.

Abin da malaman farko suka ce

A arewacin Najeriya muhawarar tana da tushe a cikin littafin da kusan kowa ya taso yana jin ana karantawa. Tafsirin Jalalaini shi ne wanda malamai da dama ke buɗewa a watan azumi, alaramma na jan baƙi malam na fassarawa.

Malamai biyu ne na Masar suka rubuta shi, Jalaluddin al-Mahalli wanda ya rasu a 1459, da ɗalibinsa Jalaluddin al-Suyuɗi wanda ya rasu a 1505. Suyuɗi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin ya taɓa aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas.

Wajen bayanin aya ta 20 ta suratul Gashiya, wadda ke magana a kan shimfiɗa ƙasa, Mahalli ya ce zahirin lafazin na nuna cewa ƙasa a shimfiɗe take, saɓanin ra'ayin masana falaki. To amma nan take ya ƙara da cewa ra'ayin masana falakin bai rushe wani rukuni na shari'a ba. Wannan ƙarin shi ne ake yawan mantawa da shi idan gardama ta yi zafi.

Wasu manyan malamai kuwa sun tafi a kan akasin haka tun kafin a haifi Mahalli.

Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya ce duniya a mulmule take, ya kuma kafa hujja da aya ta 5 ta suratuz Zumar. Kalmar da ayar ta yi amfani da ita wajen bayyana yadda dare da rana ke bin juna, ita ce Larabawa ke amfani da ita wajen naɗa rawani, rawani kuwa a kan abu mai kewaye ake naɗa shi.

Fakhruddin al-Razi, wanda ya rasu a 1210, ya bayyana cewa babu karo tsakanin shimfiɗa da mulmulewa, domin idan ƙwallo ya yi girma ƙwarai, kowane yanki nasa zai zame wa wanda ke kansa kamar shimfiɗa. Shi kuwa Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, har ijma'in malamai ya ruwaito a kan lamarin.

Ba a rubutu kaɗai aka tsaya ba. A wajajen shekara ta 830 Halifa Ma'amun ya tura masana daga Bagadaza zuwa filin Sinjar, suka yi tafiya suna auna ƙasa da igiya suna kuma auna tsayin taurari, don gano tsawon digiri ɗaya na kewayen duniya. Kimanin shekaru 200 bayan haka al-Biruni ya hau wani dutse a Nandana, cikin ƙasar Pakistan ta yau, ya lissafa girman duniya daga tsayin dutsen da kuma kusurwar da ido ke sunkuyawa zuwa inda sama ta haɗu da ƙasa. Wani littafinsa na 1025 ya rubuta shi ne don daidaita alƙiblar birnin Gazna.

Ana kuma yawan cakuɗa tambayoyi biyu, siffar duniya da kuma juyawarta. Shaikh Abdul'aziz bin Baz na Saudiyya ya rubuta a 1966 cewa rana ce ke tafiya ƙasa na tsaye, amma ya musanta cewa ya kafirta mai cewa duniya a mulmule take.

A 2009 maganar ta sake fitowa da wata fuska daban, lokacin da Muhammad Yusuf, shugaban ƙungiyar da aka fi sani da Boko Haram, ya shaida wa BBC cewa suna watsi da koyarwar boko irin ta mulmulewar duniya muddin ta saɓa wa addini. Galibin masu shakka a kan batun ba su da wata alaƙa da wannan aƙida, sai dai lamarin ya nuna cewa saɓanin da malaman farko suka ɗauka da sauƙi ana iya mayar da shi dalilin ƙin makaranta baki ɗaya.

Taswirar da ta fito daga Ingila

Taswirar da ke yawo a wayoyi, mai nuna duniya kamar faifai da katangar ƙanƙara a gefe, ba daga littattafan Musulunci ta fito ba.

Wani Bature ne ɗan Ingila, Samuel Rowbotham, ya assasa ta. A 1838 ya yi wani gwaji a kan miƙaƙƙiyar hanyar ruwa ta Bedford mai tsawon mil 6, ya ce ya hango kwale-kwale har ƙarshenta, wanda a ganinsa ba zai yiwu ba da ruwan a lanƙwashe yake.

A 1870 masanin halittu Alfred Russel Wallace ya sake gwajin, amma ya ɗaga alamominsa sama da fuskar ruwan, sai lanƙwasar ta bayyana. Kuskuren Rowbotham shi ne haske kan karkace idan ya ratsa iskar da ke dab da ruwa ko ƙasa. Duk direban da ya bi titin Dutse zuwa Kwanar Huguma da tsakar ranar bazara ya san wannan, domin shi ke haifar da kawalwalniya a kan kwalta.

An kafa ƙungiyar masu wannan ra'ayi a Ingila a 1956, ta yi ta tangal-tangal, sannan ra'ayin ya sake farfaɗowa ta YouTube daga wajajen 2015.

Me ya sa ido ke ganin shimfiɗa?

Kewayen duniya a tsakiyarta kilomita 40,075 ne. A kan abu mai wannan girma, ƙasa na lanƙwasawa da kimanin santimita 8 kacal a kilomitar farko, abin da ko kunyar gona ta fi shi tsayi.

Mutumin da ke tsaye a fili ba ya iya ganin ƙasa fiye da nisan kilomita 5. Idan ya hau dutse mai tsayin mita 50, ganinsa kan kai kilomita 25. Da a shimfiɗe duniya take, da hawa dutse ba zai fito da wata ƙasar da ta ɓuya ba, sai dai ya kawar da bishiyoyin da suka tare gaba.

Gwajin sanda da inuwa

Hujja mafi sauƙin gwadawa a Dutse ba ta buƙatar komai sai sanda, da agogo, da abin awo irin na tela.

Sau biyu a shekara rana kan tsaya daidai bisa Ka'aba: ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 agogon Makka, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 12:27. A agogon Najeriya, ƙarfe 10:18 da 10:27 na safe ke nan. A wannan lokaci sandar da aka kafa tsaye a harabar Ka'aba ba ta da inuwa, kuma duk wanda ke ganin rana a wani wuri, idan ya fuskance ta ya fuskanci alƙibla. Musulmi a ƙasashe da dama na amfani da waɗannan ranaku wajen gyara alƙiblar masallatai.

A daidai wannan minti, sanda mai tsawon mita ɗaya da aka kafa a Dutse za ta yi inuwa ta kimanin santimita 59, a miƙe zuwa yamma da ɗan karkata kudu. Wannan na nufin rana ta kauce daga tsakar ka da digiri 30.7.

Cikakken kewaye digiri 360 ne, don haka tazarar Dutse da Makka kashi ɗaya ce cikin 11.7 na kewayen duniya. Tazarar kuwa kimanin kilomita 3,400 ce, wadda jiragen alhazai ke yi tun da aka fara jigila daga filin jirgin saman Dutse a 2014. Idan aka ninka 3,400 sau 11.7, za a sami kusan kilomita 40,000.

Wannan ita ce dabarar da Eratosthenes ya yi amfani da ita a Masar kimanin shekaru 240 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tsakanin Aswan da Iskandariyya.

Masu ra'ayin shimfiɗa suna da amsa a nan, kuma amsa ce da ta cancanci a saurara. Sukan ce rana ƙarama ce, tana kusa, kamar fitilar da aka rataya a tsakar gida, wanda ke ƙarƙashinta ba shi da inuwa, wanda ke nesa inuwarsa ta yi tsawo. Da garuruwa biyu kaɗai ake gwadawa, da babu yadda za a raba gardamar.

Sai dai idan aka ƙara gari na uku lissafin nasu kan wargaje. A bisa wannan ra'ayi, inuwar Dutse na nuna cewa tsayin rana daga ƙasa kilomita 5,750 ne. A Alƙahira, mai nisan kusan kilomita 1,300 daga Makka, inuwar sandar santimita 20 ce, wadda ke ba da tsayin kusan kilomita 6,300. A Dakar ta ƙasar Senegal kuwa, mai nisan kilomita dubu 6 da 'yan kai, inuwar ta kai santimita 140, tsayin ranar ya koma kilomita 4,300.

Rana ɗaya, a minti ɗaya, ba za ta kasance a tsayi uku ba. Amma idan aka ɗauka cewa rana na nesa ƙwarai, ƙasa kuma a lanƙwashe take, dukkan inuwoyin uku kan ba da amsa guda, wato kewayen kusan kilomita 40,000.

Ita ma Dutse tana da nata ranakun da sanda ke rasa inuwa da tsakar rana, wajajen 21 ga Afrilu da 22 ga Agusta. Tsakanin waɗannan ranaku inuwar zawali kudu take faɗawa, sauran shekara kuma arewa, abin da ladanan da ke duba inuwa kafin kiran azahar suka daɗe da lura da shi.

Buɗa-baki da tauraron arewa

A watan azumi mutanen Maiduguri kan sha ruwa kimanin minti 15 kafin na Dutse, na Dutse kuma su riga na Sakkwato da kusan haka. Masu kallon sallar magariba daga Harami a talabijin sun san cewa a lokacin ba a daɗe da yin la'asar ba a Jigawa, kuma da sauran kimanin sa'o'i 2 kafin faɗuwar rana.

Lissafin bai da wuya. Duniya na kammala juyi ɗaya cikin sa'o'i 24, wato digiri ɗaya cikin minti 4. Makka na gabas da Dutse da digiri 30 da rabi, wanda ya ba da minti 122. A kan wannan lissafi aka gina jadawalin lokutan salla da ke manne a bangon masallatai, da manhajojin waya masu nuna cewa alƙiblar Dutse na digiri 68 daga arewa.

Faɗuwar ranar kanta hujja ce. Abin da ke yin nisa ƙanƙancewa yake yi har ya ɓace, kamar motar da ta miƙa kan titi. Rana kuwa da girmanta take faɗuwa, gindinta ya fara nutsewa sannan samanta.

Da dare kuma akwai tauraron arewa, wanda ba ya gusawa daga wurinsa, ayarin raƙuma ke bi da shi a hamada. A Dutse yana sama da ƙasa da kusan digiri 12, ɗan fiye da faɗin dunƙulen hannu idan an miƙe shi. A Agadas digiri 17 ne, a Legas 6 da rabi, a London 51 da rabi. Wanda ya je Afirka ta Kudu ba zai gan shi ba ko kaɗan, domin kumburin ƙasa ya rufe shi.

Husufi

Tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) Aristotle ya lura cewa inuwar da duniya ke jefawa a kan wata lokacin husufi kullum mai kewaye ce, ko watan na tsakar sama ko yana gefe. Faifai kan yi inuwa mai kewaye ne kawai idan haske ya fuskance shi kai tsaye, idan aka karkata shi sai inuwar ta zama siririya. Ƙwallo ne kaɗai inuwarsa ba ta sauyawa. An ga hakan a fili a Najeriya daren 27 ga Yulin 2018, a husufin da ya rufe wata baki ɗaya har tsawon minti 103.

Rashin fahimtar husufi ya taɓa jawo asara. A watan Janairun 2001 wasu matasa a Maiduguri sun far wa otel-otel da mashaya bayan husufin wata, suna cewa zunubin da ake aikatawa a can ne ya jawo shi. Alhali ya tabbata a hadisi cewa da aka yi husufin rana ranar rasuwar Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), Manzon ya hana a danganta shi da mutuwa ko rayuwar wani, ya umarci a yi salla.

Wannan ne ya sa gabanin husufin rana na 29 ga Maris ɗin 2006 hukumomi suka yi ta faɗakarwa ta rediyo. An faɗi rana, an faɗi lokaci, an faɗi garuruwan da duhu zai rufe. Da misalin ƙarfe 10:30 na safe rana ta rufe ruf a Gusau da Katsina da Maraɗi da Damagaram, a Dutse da kewaye kuma mafi yawanta ya rufe, saura ɗan siriri kamar jinjirin wata.

Yaushe ake amincewa da kimiyya?

Shakkar da ake yi wa abin da ya fito daga masana na waje ba ta rasa dalili a arewa.

A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su ba maganin ba, amma iyaye sun ce ba a yi musu cikakken bayani ba, kuma a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo na daga cikin abin da ya ƙarfafa ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003, wadda ta sa cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Su kansu masana sun sha yin kuskure. Sun yi wa Alfred Wegener dariya da ya ce a 1912 nahiyoyi na gusawa, sai bayan kimanin shekaru 50 awon ƙarƙashin teku ya gaskata shi. Ƙoƙon kan Piltdown da aka nuna a Ingila a 1912 a matsayin na mutanen farko, sai a 1953 aka gano haɗi ne na jabu. A duka biyun, sabon awo ne ya gyara tsohon kuskure.

Abin lura shi ne hujjojin kimiyya ba matsayinsu ɗaya ba. Akwai wanda ya dogara da bincike guda na kamfanin da ke da riba a ciki, wannan ya cancanci a yi masa tambayoyi masu tsanani. Akwai kuma wanda mutanen da ba su san juna ba, ba sa ma ga maciji da juna, suka auna ta hanyoyi daban-daban suka sami amsa ɗaya.

Siffar duniya na cikin kashi na biyu. Girkawa sun auna, masanan Bagadaza sun auna, Amurka da Tarayyar Sobiyet sun yi shekaru suna neman abin da za su kunyata juna da shi a sararin samaniya ba tare da ɗaya ta ƙaryata ɗaya a kan wannan ba. Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya kewaya duniya a kumbon Discovery a 1985. Najeriya ma ta harba tauraronta na ɗan'adam na farko, NigeriaSat-1, a watan Satumban 2003. Mai saita kwandon satalayit a kasuwar Shuwarin, ko ya sani ko bai sani ba, yana nufar wani tauraro ne da ke tsayin kusan kilomita 36,000, wanda ke kewaya duniya daidai da saurin juyawarta.

Wasu masu ra'ayin shimfiɗa sun gwada da kansu. Taswirarsu ba ta yarda a ga rana tsawon sa'o'i 24 a nahiyar Antatika da ke ƙarshen kudu ba. A watan Disamban 2024 wani limamin coci ɗan Amurka, Will Duffy, ya kai wasu daga cikinsu can, suka zauna suna kallon rana na kewaya sama ba ta faɗi ba. Ɗaya daga cikin fitattunsu, Jeran Campanella, ya fito ya ce ya yi kuskure a kan wannan batu. Wasu abokan tafiyarsa na da kuma suka ce an saye shi.

Lissafin da ya faɗi husufin 2006 ya kuma nuna cewa ranar 2 ga Agustan 2027 inuwar wata za ta ratsa arewacin Afirka, ta rufe rana fiye da minti 6 a kusa da Luksor ta Masar, sannan ta tsallaka Bahar Maliya ta bi ta kan Jidda da Makka da tsakar rana. A Dutse wani ɓangare ne kawai na ranar zai rufe, kuma likitocin ido na gargaɗin kada a dube ta kai tsaye ba tare da tabarau na musamman ba.